Yadda mai ƙaramar sana'a zai haɗa kai da babban kamfani ba tare da an haɗiye shi ba

Shekara 22 ke nan ina walda a Zinder. Atiliyena yana Zango, ni da yara shida, da injin walda biyu, da janareta guda da muke lallaɓawa duk lokacin da kuran ya ɗauke. Sau biyu na kai abin da na ƙera gaban manyan kamfanoni. Karon farko kura ta sha bugu gardi ya karɓi kuɗi. Karo na biyu kuwa har yau muna tare, shekara ta biyar ke nan. Tun da matasa masu ƙere-ƙere suka fara zuwa wurina suna tambaya, wasu daga jami'a wasu daga bakin kasuwa, na ga gara in zauna in rubuta abin da na koya, tunda baki yana gajiya.

Bari in fara da abin da na ƙera, don a san a kan me ake magana.

Da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, a hanyar Tanut, gas ya fara samuwa a garin nan fiye da da. Matatar tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, kuma gas ɗin girki yana cikin abin da take fitarwa. Mutane suka fara sayen kwalba mai kilo 6 da ɗan murhun da ake ɗaurawa a kanta. Amma duk wanda ya taɓa ganin ana tuƙa tuwon gero ya san wannan murhun ba zai kai labari ba. Gindin tukunyarmu a dunƙule yake, muciya kuma da ƙarfi ake juya ta. Wata Hajiya mai sayar da tuwo kusa da tasha ita ta faɗa mini gaskiya ranar da na je cin abinci. Ta ce, "Malam, wannan murhun na masu shayi ne. Ka yi mini wanda zan tuƙa tuwon mutum hamsin a kai, tukunya ba ta gudu ba, iska ba ta kashe wuta ba, sai in bar itace."

Wata bakwai na yi ina yi ina warwarewa. Na sauke murhun ƙasa, na raba shi da kwalba da tiyo, na yi masa zobe mai rungumar gindin tukunya, na sa masa katanga ta tsare iskar hunturu, na ƙara wani ƙarfe da mai tuƙi za ta taka da ƙafa don ya tsaya cik. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hudar da gas ke fita da kuma ƙofar da iska ke shiga. In iska ta yi kaɗan wuta ta yi ja ta baƙanta tukunya, gas ya ƙone a banza. In ta yi yawa wuta ta riƙa tsalle tana mutuwa. Shuɗiyar wuta mai zama lafiya ake nema, kuma sai da na ɓata kan murhu ya fi talatin kafin na same ta.

Ka san abin da kake nema a wurinsu, da abin da suke nema a wurinka

Kafin ka sa babbar riga ka nufi biro ɗin kowa, ka zauna ka rubuta a takarda abin da ka rasa. Ni abu uku na rasa: ƙarfe mai kyau a farashin sari, hanyar kai kaya Maradi da Agadas da Diffa, da kuma sunan da mace za ta gani ta yarda abin ba zai tashi da ita ba. Tsoron gas a gidajenmu ba ƙarami ba ne. In murhu ya fito daga hannun mai walda, sai an yi ta lallashi. In an gan shi a depo ɗin kamfanin da ake sayen kwalbarsa, an yarda.

Wasu yaran in na tambaye su me suke so kamfani ya yi musu sai su ce "taimako". Kada ka kuskura ka furta wannan kalma a can. Mai neman taimako ana ba shi jika goma da kalanda a raka shi bakin ƙofa.

Sai ka juya ta ɗaya gefen. Me ke hana darekta barci? Kamfanin gas ba ya cin riba a murhu, a cika kwalba yake ci. Kwalbar da aka saya aka ajiye a ɗaki ana dafa shayi da ita sau ɗaya a rana asara ce a wurinsa. Mai tuwon da za ta ƙarar da kwalba mai kilo 12 cikin ƴan kwanaki ta dawo ta sake cikawa, ita ce abin nemansa. Ranar da na gane haka na daina zancen kyan waldata, na koma zancen kwalba nawa mace ɗaya za ta cika a wata in tana da murhuna. Nan take fuskoki suka sake.

Babban kamfani yana da kuɗi da motoci da injiniyoyi masu digiri. Abin da ba shi da shi shi ne zama a gindin murhu da ƙarfe biyar na asuba a ga yadda ake aiki. Kuma yana da nauyin jiki: canjin da zan yi tsakanin azahar da la'asar, su sai an yi taro uku an aika Yamai an jira amsa. Waɗannan biyun, sani da sauri, su ne jarinka. Duk cinikin da zai raba ka da su ka bar shi.

Kafin ka nuna wa kowa

A nan na faɗi a karon farko, don haka zan daɗe a kai.

Na ɗauki murhu a kabu-kabu na kai wa wani kamfani. Aka karɓe ni da fara'a, aka kawo ruwan sanyi, wani saurayi mai ƙulla wuya ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ya auna, ya tambayi kaurin ƙarfe da girman huda, ni kuwa daɗi ya kama ni na zazzage masa komai. Suka ce in bar samfurin, za su kira. Na jira wata biyar. Ran nan ina ratsa Kasuwar Dole wata Alhamis sai na ga murhuna, an yi masa fenti mai sheƙi, an ƙero shi a wani wuri. Na tsaya na shafa shi kamar wanda ya ga ɗansa a gidan wani. Ba ni da takarda ko ɗaya da zan nuna wa alƙali. Ko rasit na cewa na bar musu samfur ban karɓa ba.

To ga abin da ya kamata in yi. Ka sayi littafi mai ɗinkakken bango, ka riƙa rubuta duk gwajin da ka yi da kwanan wata, da zane, da awo, ka sa mutum biyu masu mutunci su sa hannu lokaci-lokaci. Ka ajiye hotuna da rasit na kayan da ka saya. Wannan ba ya ba ka mallaka a gaban doka, amma yana nuna wa ya riga wa.

Mallakar kanta kuwa a OAPI ake samunta, hukumar kare fasaha ta Afirka mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Ƙasashe 17 ne a ciki har da Nijar, kuma takarda ɗaya tana kare ka a cikinsu duka. Ana ajiye dosiye ta hannun ofishin da ke wakiltarta a Yamai. Akwai birbe, wato takardar mallakar fasaha, mai shekara 20, na sabuwar ƙirƙira ta gaske. Akwai ƙanensa na gyaran kayan aiki, mai shekara 10, wanda shi ya fi dacewa da irin aikinmu na maƙera. Akwai kuma rajistar suna ko tambari, ita ma shekara 10, ana sabuntawa. (Kada a rikita birbe da patanti. Patanti harajin sana'a ne, kuma na taɓa ganin wanda ya biya shi ya koma gida yana murna wai ya kare fasaharsa.) Abu biyu ka riƙe. Birbe yana son abu ya zama sabo, don haka in ka riga ka baza shi a kasuwa ko ka sa bidiyonsa a Facebook da TikTok kafin ka ajiye dosiye, kai da kanka ka rage masa ƙarfi. Na biyu, Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardarka tana aiki a Dakar da Yawunde amma ba ta aiki a Kano, wadda tafiyar rabin yini ce daga nan. Kuma kowace shekara akwai kuɗin da ake biya don birbe ya ci gaba da rai.

Ra'ayina, wanda wasu lauyoyi ba za su so ba: ga ƙaramin mai sana'a rajistar tambari ta fi sauri ta fi araha, kuma sau da yawa ta fi amfani. Birbe ba ya hana sata, dama kawai yake ba ka ta kai ƙara, ƙara kuwa tana cin kuɗi da shekaru. Wani injiniya a Amurka, Robert Kearns, ya ƙirƙiro abin share gilashin mota mai tsayawa yana ci gaba, ya nuna wa kamfanin Ford. Yana da birbe a hannu. Ya shigar da ƙara a 1978, bai ga kuɗi ba sai 1990, dalar Amurka miliyan 10 da ɗoriya. Shekara 12. Wa ke da wannan numfashin a cikinmu?

Shi ya sa kariyar da ta fi kowace ita ce ka san abin da za ka nuna da abin da za ka riƙe. Ka nuna abin da murhu yake yi: a ɗora tukunya, a kunna, a duba agogo, a auna kwalba kafin da bayan. Kada ka faɗi yadda aka yi ya yi hakan. Waɗancan da suka kwaikwaye ni sun ɗauki siffa, sun ɗauki ma girman huda, amma ba su san dalilin da ya sa na karkatar da ƙofar iska ba, suka miƙar da ita don sauƙin ƙira. Murhunsu ya riƙa baƙanta tukunya, mata suka yi ta mayar da shi. Wannan ne kaɗai ya cece ni, kuma ba dabarata ba ce, mantawa na yi ban faɗa wa saurayin ba.

In za a wuce nuni a shiga awo da zane, sai an sa hannu a takardar riƙe sirri. Shafi ɗaya ya isa: me aka nuna, ran nawa, ba za a ƙera ba, ba za a ba wani ba, har tsawon shekara kaza. In za ka bar samfur, ka karɓi takarda mai kashe da ta ce aro ne na gwaji, za a mayar ran kaza. Wanda ya ce maka "Haba Malam, ba ka yarda da mu ba ne?" ka ce masa ka yarda da shi, amma shi ma ma'aikaci ne, gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki.

Ka zama wanda za a iya biya

Wannan gajere ne amma ba a tsallake shi. Babban kamfani ba ya zaro kuɗi daga aljihu. Akawunsa yana son lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, da lambar haraji ta NIF, da asusun banki da sunan sana'ar, da faktir mai kashe. In ba ka da su, ko darekta yana son kayanka ba yadda zai yi. Ka je Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar sana'o'i, ka yi su tun kafin a tambaye ka; ba a fafe gora ranar tafiya. In ku da yawa ne masu sana'a ɗaya, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ta ba ku damar kafa GIE, wato ƙungiyar haɗin gwiwar masu sana'a, ko da ba jari, ku karɓi odar da mutum ɗaya ba zai iya ba. Kuma ka tambaya tun farko ko farashin da ake faɗa da TVA ne, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, ko babu. Kashi 19 cikin ɗari ne, ya isa ya cinye ribarka kaf in ka yi lissafi a baibai.

Ƙofar da za ka bi

Kowa yana son ganin darekta. Ni a karo na biyu ban fara da shi ba. Na fara da mai kula da depo na nan Zinder, mutumin da ƙorafin masu saye ke faɗowa a kansa kullum. Na gayyace shi wurin Hajiya da rana tsaka, ya tsaya yana kallo ana kwashe tuwo, ya ɗaga kwalba ya jijjiga, ya tambaye ta kwana nawa take yi mata. Ita ta yi mini tallar, ni ban ce uffan ba. Shi ne ya rubuta wa na gaba da shi, shi ya riƙa bin dosiyen daga tebur zuwa tebur.

Kana bukatar irin wannan mutum a ciki, wanda nasararka za ta zama tasa a idon shugabanninsa. Amma kada ka tsaya a kansa shi kaɗai. Ka nemi sanin injiniyan da zai ce abin ba shi da haɗari, da mai sayen kaya da zai rubuta bon, wato takardar oda, da akawun da zai saki kuɗi. Kowanne yarensa daban. Injiniya yana son ya ga ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ba kumfa ta taso ba. Mai sayen kaya yana son ya ji guda nawa za ka iya a wata ba ƙarya. Kada ka ce ɗari biyar in ɗari da hamsin kake iyawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a kwantira akwai tarar jinkiri.

Goro kuwa, in wani ya nuna yana so kafin ya tura takardarka, ka sani ranar da aka kama shi da kai za a kora.

A fara da kaɗan

Na roƙe su kada mu yi zancen dubbai. Muka yi gwaji da murhu 40 na wata uku: wasu wurin masu tuwo, wasu wurin masu ƙosai, biyu a wata makarantar kwana. Kafin a fara muka rubuta abin da za a kira nasara, wato mutum nawa za su ci gaba da amfani da shi bayan wata uku, da kwalba nawa za su cika. In ba a rubuta wannan ba, ƙarshen gwaji kowa zai fassara yadda ya ga dama, kuma fassarar mai kuɗi ce za ta yi rinjaye.

Gwaji ma a biya shi. Ko kuɗin ƙarfe da ladan yara ne kawai. Abin da kamfani ya samu kyauta a sito yake ƙarewa, ƙura ta rufe shi, don ba wanda za a tambaya ina aka kwana.

A gwajin nan ne na ga amfanin haɗin kan da idona. Injiniyarsu, wata yarinya da ba ta kai ƴata ta fari ba, ta dubi tiyon da nake sawa ta ce, "Baba, wannan na ruwa ne, gas zai cinye shi ya tsage." Raina ya ɗan sosu, amma gaskiyarta. Ta kawo tiyon gas na ainihi da detandar mai daidaita ƙarfin fitarsa, ta kuma sa muka yi ma'auni na ƙarfe wanda kowane zobe zai bi ta cikinsa, don murhu na ɗari ya zama daidai da na farko. Mu masu aikin hannu da ido muke awo, kuma ido yana gajiya da yamma. Ni kuma na hana su sa masa siririyar ƙafa da suka zano a kwamfuta, na ce su zo su ga yadda ake jan murhu a kan yashi da tsakuwa. Masu ƙosai suka ce zoben ya yi wa kaskonsu zurfi, muka yi na biyu mai faɗi cikin kwana huɗu. Da kamfanin ne shi kaɗai, da har yau ana taro.

Kwantira

In gwaji ya yi kyau za su kawo maka takarda mai shafi da yawa da Faransanci. Lauyansu ne ya rubuta ta, don su ya rubuta. Kada ka sa hannu ranar. Ka kai wa naka lauyan ko notar, ka biya, ka sa ya fassara maka layi-layi da Hausa. Kuɗin da na biya nawa bai kai na murhu biyar ba.

Wuri huɗu na fi zuba wa ido, kuma na farko ya fi sauran nauyi: na wane ne? Abin da ka zo da shi naka ne, a rubuta shi dalla-dalla a liƙa zanensa a bayan kwantira. Abin da suka zo da shi nasu ne. Rigima tana cikin abin da aka gyara tare. Mu mun tsaya a kan cewa duk gyaran jikin murhu nawa ne, suna da izinin sayar da shi muddin muna tare, duk abin da ya shafi tiyo da detandar nasu ne. Ka ba da izinin amfani, kada ka sayar da mallaka, sai fa in kuɗin ya isa ka bar sana'ar. A 1980 da kamfanin IBM, giwar kwamfuta ta wancan zamani, ya nemi ƙaramin kamfanin Microsoft ya kawo masa manhajar da za ta tafiyar da sabuwar kwamfutarsa, Microsoft ya riƙe ikon ba wasu kamfanoni izinin amfani da ita. Daga wannan sharaɗin arzikinsa ya taso.

Na biyu, za su ce kada ka sayar wa kowa sai su. Ba laifi ba ne su nema, tunda za su kashe kuɗin talla. Amma hanin nan yana da farashi. A sa masa iyaka ta wuri, da ta lokaci, da mafi ƙarancin abin da za su saya. Namu shekara biyu ne, a kan kamfanonin gas kawai, kuma in suka kasa ɗaukar adadin da aka yanka a wata shida, na kuɓuta. Na kuma riƙe damar sayarwa ɗai-ɗai a bakin atiliyena. In ka yarda da hani mara sharaɗi, ana iya kulle fasaharka a durowa don kawai kada abokin hamayya ya samu, kai kuma kana zaune kana kallon hanya.

Na uku, biya. Abin da ke kashe ƙananan masu sana'a a irin wannan haɗi ba sata ba ce galibi, jira ne. Su a wurinsu biya bayan kwana 60 ko 90 al'ada ce. Kai kuwa mai ƙarfe yana son kuɗinsa yau, yara suna son nasu ran Alhamis. Odar farko ta murhu 300 ta kusa rufe mini shago: na ci bashi na sayi kaya, na kai, na zauna wata uku, har babur ɗina na sayar. Daga nan na ce ko dai a ba ni kashi 40 cikin ɗari kafin in kunna inji, ko su kawo ƙarfen da kansu a cire a lissafi. Suka zaɓi kawo ƙarfe, wanda ya fi mini, don farashin da suke samu ni ba zan taɓa samu ba. Ka sa a rubuta cewa kaya naka ne har sai an gama biya. Ka kuma kai kaya kashi-kashi, kowane kashi da faktir ɗinsa.

Na huɗu, rabuwa. Ana ɗaura aure ana faɗin sadaki, to a nan har yadda za a rabu ake faɗi. Wata nawa za a ba da sanarwa, wa zai ɗauki kayan da aka riga aka ƙera, ina za a kai ƙara. In takarda ta ce sai kotun wata ƙasa, ka ce a'a. Yamai ma kusan kilomita 900 ce daga nan, balle ƙetare.

Sai kuma sunanka. Sun so tambarinsu kaɗai ya fito a jikin murhu. Na ce a sa nasu babba a gaba, amma nawa a buga shi a ƙarfe a ƙasa, tare da sunan Zinder. Fenti yana gogewa, bugun ƙarfe ba ya gogewa. Yau in ƙafar murhu ta karye a Gure ko Magarya, wurina ake kawowa, kuma daga nan nake jin abin da ya kamata in gyara a na gaba.

Wani zai ce duk wannan labarin Turawa ne, a nan manya ba sa sakar wa ƙanana komai. To a duba Plumpy'Nut, abincin gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa, ɗan ƙunshi mai giram 92. Kamfanin Nutriset na Faransa ne ya fito da shi a 1996. Tun 2005, shekarar da yunwa ta tsananta a ƙasar nan, kamfanin STA na Yamai yake yin sa da izininsu. Mai fasaha ya kawo sirrin haɗi da ƙa'idar inganci, na gida ya kawo ma'aikata da kusanci da inda ake bukata. A can babba ne mai fasahar, a wurina ƙarami ne, amma tambayoyin da ke cikin takarda ba su canza ba.

Bayan an sa hannu

Kada ka bari su zama su kaɗai ne masu sayenka. Na sa wa kaina doka, abin da nake yi musu kada ya wuce rabin aikin atiliye. Sauran rabin ƙofofi ne da tagogi da amalanke, aikin da na gada kuma ba ya jiran sa hannun kowa. Shekarar da aka canza musu darekta, sabon ya dakatar da duk oda wata huɗu yana nazari. Ƙofofi ne suka ciyar da mu.

Duk abin da aka faɗa a waya, ka bi shi da saƙo a rubuce ko ta WhatsApp ne: "Kamar yadda muka yi magana yau, za a ƙara guda 50, a kai ran kaza." Ka nemi zama da su duk wata uku ko da ba matsala, ka je da labarin abin da masu amfani ke cewa, don shi ne abin da ba su da shi. Yaranka kuma ka kula da su, musamman wanda ya san sirrin aikin. Hanya mafi sauƙi ta ɗauke fasahar mutum ita ce a ɗauke yaronsa da albashi mai tsoka. Babban yarona yana da kaso a kowane murhu da ya fita, kuma ya san haka tun ranar da na nuna masa karkatar ƙofar iska.

Yanzu haka wani sabon abu muke kai, murhun masu suyar ƙuli-ƙuli da tuyar mai, wanda yake son wuta mai faɗi marar zafi sosai. Na rubuta shi a littafi, limamin unguwarmu da wani malamin makaranta sun sa hannu. Guda uku suna wurin mata a Garin Malam tun watan jiya, ɗaya har ta aiko a gaya mini yana ƙona gefe ɗaya. Kamfanin bai gan shi ba tukuna. Gobe da safe zan je in duba gefen.